Baƙin da ke jikin kayan takobin Japan: daga ina yake fitowa, kuma me ya sa ba ya gogewa?

"Assalamu alaikum. Ni maƙerin fari ne, gadon sana'ar na yi. Ina yin zobba da awarwaro, ina kuma yi wa takubban hawan salla kwalliyar ƙota da bakin kube. Na ga hotunan kayan ƙotar takubban Japan a intanet, ƙarfen baƙi wul mai ɗan shuɗi-shuɗi, ga zinariya zaune a ciki kamar a nan ta tsiro. Na gwada da tagulla. Na ƙona mai a kanta, na gwada farar wuta, na gwada fenti. Ko dai ya yi dabbare-dabbare, ko ya goge cikin sati biyu. Wane irin ƙarfe suke aiki da shi, me suke shafa masa? Sannan me ya sa suke zuba wannan uban aiki a kan abin da hannu zai rufe?"

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya yi wa sana'a albarka. Idan na fahimce ka, abu biyu kake nema: asalin baƙin da ba ya gogewa, da dalilin da ya sa mutanen nan suke kashe watanni a kan ɗan ƙarfen da bai kai tafin hannu ba. Zan fi daɗewa a kan na farko, domin duk wanda ya gane shi ya riga ya sami rabin amsar na biyu.

Gwaje-gwajenka uku hanya ɗaya suka bi, wato a samo baƙi daga waje a ɗora wa ƙarfe. A irin kayan da ka gani babu abin da aka ɗora. Tun a kaskon narki ake shirya launin, ta abin da aka gauraya, sai a ƙarshen aiki a dafa kayan a wani ruwa da zai sa fatar ƙarfen kanta ta rikiɗe. Abin da ka gani a hoto tsatsa ce, iri mai laushi ƙwarai da ke tsayawa a sama ba ta ci gaba da cin ƙarfe. Tagullar kasuwa mai ruwan ɗorawa kuwa gauraye ce ta jan ƙarfe da tutiya, kuma ko ka sami ruwan dafawar na ainihi, iyakar abin da za ta ba ka shi ne ruwan ƙasa mai ɗan kore.

Kayan da ake magana a kansu

A Japan mai ƙera ruwan takobi daban ne, mai wasa shi daban, mai kube daban, mai naɗin ƙota daban, mai ƙarafan kwalliya daban. Abin da ya fi ɗaukar ido a aikin na ƙarshen nan shi ne tsuba, faifan da ke tsakanin ruwa da ƙota yana tsare hannu. Na babban takobi faɗinsa kan kai santimita 7 zuwa 8, kaurinsa milimita 4 zuwa 5. A tsakiyarsa akwai huda mai siffar gindin ruwan takobin. Sau da yawa akwai wasu ƙananan hudoji biyu a gefe, masu ba da hanya ga wata 'yar wuƙa da wani tsinke da ake sokewa a jikin kube. Ƙotar 'yar wuƙar ita ce kozuka, tsinken kuma kogai. Akwai fuci, zoben bakin ƙota, da kashira, hular da ke ƙarshenta. Akwai menuki, 'yan siffofi biyu da ake kwantarwa a kan fatar kifin da ta lulluɓe ƙota, zaren naɗi ya bi ta kansu. Sai habaki, wuyan jan ƙarfe da ke rungume gindin ruwa, shi yake cije bakin kube ya hana takobi zamewa. Na ƙarshe seppa, siraran faranti biyu da ke sama da ƙasan tsuba suna cike gibi.

A cikinsu babu wanda aka liƙa da ruwan takobin. Jera su ake yi, ƙusar gora mai suna mekugi ta ratsa ƙota da gindin ruwa ta riƙe su gaba ɗaya. A buge ta ta fita, komai ya kwance. Ka riƙe wannan, zan dawo kansa.

Ƙarfen kansa

Baƙin nan sunansa shakudo. Jan ƙarfe ne tsantsa da aka sa wa zinariya kaɗan, yawanci kashi 3 zuwa 5 cikin ɗari. Idan zinariyar ba ta wuce kashi ɗaya ba, baƙin yakan ja zuwa ruwan ƙasa. A kashi 4 ko 5 ne ake samun baƙi mai zurfi da shuɗin da ka lura da shi. Kafin a dafa shi ba za ka iya bambanta shi da jan ƙarfe ba, don haka duk mai aiki da shi yana yi wa gutsattsarinsa alama. Abin da ke faruwa a tukunya shi ne, jan ƙarfen da ke sama yana zama wata siririyar tsatsa, ƙwayoyin zinariya da ido ba ya gani suna warwatse a cikinta suna shanye haske. Tsatsar ita kaɗai ja ce ko ruwan ƙasa. Zinariyar da ke cikinta ce take mayar da ita baƙa.

Ɗan'uwansa shi ne shibu'ici, kalmar na nufin ɗaya bisa huɗu: azurfa kashi 25, jan ƙarfe kashi 75. Shi toka-toka yake bayarwa, kuma idan aka ƙara azurfa tokar tana ƙara haske. A ganina ya fi shakudo wuyar sha'ani, ya kuma fi shi kyau a aikin da ake son a nuna hazo ko hasken wata. Gare ka yana da wata fa'ida, tunda azurfa tana hannunka kullum.

Ga lissafi. Faifan tsuba mai faɗin milimita 75 da kaurin milimita 4 yana kai kimanin giram 160, zinariyar da zai ci a kashi 4 ta haura giram 6. Kada ka fara daga nan. Ka fara da giram 20, wato jan ƙarfe giram 19.2 da zinariya giram 0.8. Jan ƙarfen ka ciro shi daga wayar lantarki mai kauri da aka feɗe, domin ita ce mafi tsabta da za ka samu cikin sauƙi, kuma ka tabbata ba mai rufin kuza ba ce. Zinariyar a samu mai karat 24. Idan mai karat 21 ce kawai a hannu, zinariyar cikinta kashi 87.5 ce, sai ka sa giram 0.91 ka rage jan ƙarfen daidai da ƙarin. Ka guji tarkacen karat 18 da ba ka san abin da aka gauraya masa ba, saboda tutiya ko nikel kaɗan ya isa ya ɓata launin.

Narki da bugu

Jan ƙarfe yana narkewa a digiri 1085, ya fi azurfa buƙatar wuta, kuma da ya narke sai ya riƙa shan iska. Wannan iskar ce take zama ƙananan ramuka da za su fito maka bayan ka gama wahalar sassaƙa. Ka yi amfani da sabon kasko da ba a taɓa narka tagulla ko darma a ciki ba. Ka rufe saman ƙarfen da gutsattsarin gawayi da ɗan garin boras, ka narka jan ƙarfen tukuna, sannan ka jefa zinariyar ka juya da busasshen gawayi. Shakudo yana son a sake narka shi sau biyu don zinariyar ta bazu daidai, in ba haka ba bayan dafawa za ka ga wani gefe ya fi wani baƙi. Shibu'ici kuwa ba a daɗe da shi a wuta. Ana jefa azurfa, a juya, a zuba, domin gajeren zaman ne yake barin ɗigo-ɗigon azurfa masu laushi a jikinsa, waɗanda maƙeran Japan suke kwatantawa da fatar wani ɗan itacensu, kuma suna daraja su ƙwarai.

Tsohuwar hanyar zuba shi a Japan ita ce cikin ruwan zafi. Ana ɗaura ƙyallen auduga mai kauri a kan zobe ya yi kwarmi, a nutsar da shi cikin ruwa mai zafi sosai, a zuba narkakken ƙarfen ta cikin ruwan ya taru a ƙyallen. Tururi ne yake lulluɓe shi ya tsare shi daga iska, sai ya fito kamar waina, fatarsa tas. Hanya ce mai kyau, amma kuskure a zafin ruwan yana sa ƙarfe ya yi tsalle, kuma ban ba ka shawarar ka fara ta kai kaɗai ba. Ka zuba a mazubin ƙarfe da ka saba da shi, mai ɗumi kuma busasshe, sannan ka kankare fatar saman da magagari kafin ka fara bugu.

Shakudo yana da laushi a ƙarƙashin guduma kamar jan ƙarfe. Ka buga shi a sanyi, idan kaurinsa ya ragu da kamar sulusi ka gasa shi ya yi ja mai duhu, ka ci gaba. Shibu'ici ya fi tauri kuma yana tsagewa daga baki. Kada ka buga shi da zafi, kada kuma ka wuce ja mai duhu wajen gashi, domin wani ɓangare na cikinsa yana fara narkewa tun a wajen digiri 780. Duk tsagar da ta bayyana a baki ka share ta da magagari nan take, idan ka bar ta za ta shige ciki.

Sassaƙa da dasa zinariya

Ana kafa aikin a kan wani danƙo da ake cika kwano mai nauyi da shi. Haɗin da aka saba shi ne garin yumɓu mai laushi kilo ɗaya, ƙaron itacen fayin giram 750, man girki mililita 50, da ɗan garin gawayi. Kurfinsu, da suke kira tagane, gajeru ne, kowane maƙeri shi yake gyara bakin nasa, kuma ana buga su da 'yar guduma ana tahowa wajen jiki, yadda ido zai riƙa ganin inda baki zai shiga.

Zinariyar da ka ce kamar a nan ta tsiro, dasa ta ake yi. Ana haƙa gurbi daidai siffar abin da za a sa, a bi gefen gurbin da kurfi a ɗan shiga ƙarƙashi yadda bakin zai ɗago, a zaunar da zinariyar, sannan a mayar da bakin ya danne ta. Babu wuta, babu liƙi. Idan ta faɗo daga baya, ko dai gurbin bai shiga ƙarƙashi ba, ko ba a gasa zinariyar ta yi laushi ba kafin a zaunar da ita. Akwai hanya ta biyu mai arha da aka fi yi a kan baƙin ƙarfe: a karce fuskar da kurfi ta fuskoki uku ko huɗu ta yi kamar saƙar ƙyalle, a danna siririn ganyen zinariya ya kama haƙoran. Hanya ta uku ita ce shafen zinariya da zaiba a ƙone. Tsofaffinsu sun yi, kai kada ka yi, hayaƙin zaiba yana lalata ƙwaƙwalwa da ƙoda, kuma ba kai kaɗai za ka shaƙa ba.

Fuskar nan mai ƙananan ƙwayoyi a jere kamar ƙwan kifi, nanako, da kurfi mai ɗan kwarmi a baki ake yin ta, ƙwaya ɗaya bugu ɗaya, layi bayan layi. Wani abu kuma da ya shafe ka kai tsaye: idan ka haɗa bakin zobe irin fuci da azurfar liƙi, layin zai fito fari bayan dafawa, tunda azurfa ba ta yin baƙi a ruwan. Ka matse haɗin sosai, ka sa liƙi kaɗan, ka ajiye shi a inda zane zai rufe.

Guga, inda yawanci ake faɗuwa

A nan ne abin da maƙerin fari ya saba da shi yake cutar da shi. Mun saba idan an gama wuta a jefa kaya a ruwan tsami, ko na alif ko na batir, su fito fes, sannan a kai injin sheƙi. Duka biyun suna kashe launin. Ruwan tsami yana cinye jan ƙarfen da ke sama ya bar wata siririyar fata da zinariya ko azurfa ta yi wa yawa, fatar nan kuwa ba ta karɓar dafawa. A shibu'ici abin ya fi muni, sai ka ga ya fito da farare-farare kamar mai kyasbi. Injin sheƙi kuma yana murje fuskar ƙarfe ya cusa mata maiƙon sabulunsa. Saboda haka bayan wuta ta ƙarshe dole a kankare fatar gaba ɗaya a kai ga ƙarfe na ciki, kuma daga nan ba a sake komawa wuta ko ruwan tsami.

Jerin da suke bi shi ne magagari, makankari, duwatsun wasa daga mai kaushi zuwa mai laushi, sannan gawayi da ruwa. Gawayin itatuwa masu laushi suke zaɓa, su fara da na magnoliya su ƙare da na wani itace da suke kira kiri, daga ƙarshe su bi lunguna da garin gawayi da burushin gashin doki. Kai za ka iya bi da samfefar ruwa daga lamba 400 har zuwa 1500 ko 2000, ka ƙare da gawayin itace marar nauyi wanda ka gwada a kan guntun jan ƙarfe ka ga ba ya karce. Abin da ake nema fuska ce mai laushi marar ƙyalli, wadda ruwa yake kwanciya a kanta shimfiɗe. Idan ka zuba ruwa ka ga ya tattare ya yi ƙwayoyi, akwai sauran maiƙo, ka goge da bekin soda da ruwa ka sake gwadawa. Daga wannan lokaci yatsa ba ya taɓa fuskar. Zanen yatsa guda yana fitowa a launin sarai, kuma ba shi da magani sai a koma gawayi.

Kada ka goge yau ka dafa gobe. Gogen ƙarshe da dafawa a zama ɗaya ake yin su, kayan suna jiƙe daga wannan zuwa wancan.

Dafawa

Sunan aikin niyage. Ruwan ya ƙunshi rokusho, wani koren gari da ake haɗawa daga koriyar tsatsar jan ƙarfe da alli da soda mai ƙuna, sai shuɗin gishirin jan ƙarfe da ake kira kofa salfet, wanda ake samu a wajen masu sayar da kayan gwajin kimiyya da wasu masu maganin gona. Ma'aunin farawa shi ne giram 4 na kowanne a lita ɗaya ta ruwa. Idan rokusho ya gagara samuwa, koriyar tsatsar da ake samu ta hanyar rataye gutsattsarin jan ƙarfe a kan ruwan khal cikin rufaffiyar kwalba na wasu makonni tana iya tsayawa a madadinsa, sai dai launin ba ya kai na ainihi daidaito, kuma za ka yi ta gyara ma'auni. Ruwan ya zama na sama ko wanda aka tace, domin gishirin wasu rijiyoyi yana canja sakamako.

Tukunyar ta jan ƙarfe ce ko gilashi mai jure wuta. Ta baƙin ƙarfe ko ta alminiyam tana kashe ruwan nan take, haka ma cokali ko wayar baƙin ƙarfe. Ka rataye kayan da wayar jan ƙarfe yadda ba za su taɓa gindin tukunya ba. Kafin a tsoma, maƙeran Japan suna shafe kayan da gurzajjen daikon, wata doguwar farar saiwa da suke ci, domin launin ya kama bai ɗaya. Duk radish ɗin da ka samu a wajen masu kayan lambu zai yi.

Ruwan ya riƙa tafasa a hankali, kana motsa kayan kada kumfa ta zauna a wuri ɗaya, domin inda ta zauna tabo zai fito. Bayan minti biyar zuwa goma ka ciro ka tsoma a ruwa mai tsabta nan da nan ka duba, kada ka bar shi ya bushe a iska. Shakudo yakan bi ta ruwan ƙasa, ya yi shunayya, sannan ya yi baƙi, sau da yawa cikin rabin awa zuwa awa ɗaya. Tsantsar jan ƙarfe tana iya ɗaukar awoyi kafin ta kai ja mai zurfi. Zinariya tana nan yadda take, azurfa ta tsaya fara. Wannan ne ya sa suke iya haɗa ƙarfe huɗu ko biyar a faranti ɗaya, su dafa a tukunya ɗaya, kowanne ya fito da launinsa kamar an zana da alƙalami.

Idan launin yana gogewa da yatsa, ruwan ya yi ƙarfi ko wutar ta yi yawa, ka ƙara ruwa ka rage wuta. Idan ya tsaya a ruwan ƙasa ya ƙi gaba, ko zinariyar ta yi kaɗan ko fatar ruwan tsami tana nan. Idan ya yi dabbare-dabbare, maiƙo ne. A dukkansu maganin ɗaya ne, a koma gawayi a sake. In ya yi, ka ɗauraye, ka busar, ka ɗumama shi kaɗan ka shafa kakin zuma siriri ka goge da tsumma mai laushi. Ruwan nan guba ne, ka yi aikin a fili da safar hannu, tukunyar kada ta koma kicin, ragowar kada a zubar inda dabbobi ke sha.

Baƙin ƙarfe hanyarsa daban ce. Shi ana sa masa tsatsa da gangan, a goge ta sama-sama, a sake, kwana da kwanaki, sannan a dafa shi a ruwan ganyen shayi tsatsar ta koma baƙa ta tsaya. Masu aikin dasa zinariya na Higo, wato yankin da yanzu ake kira Kumamoto a Japan, suna bin wannan hanya har yau.

Me ya sa wannan uban aiki

Ana yawan lulluɓe wannan tambaya da zancen ruhin samurai, wato mayaƙan Japan na dā. Ni na fi yarda da abin da tarihin sana'ar da jikin kayan suke nunawa.

Gidan Goto, wanda Goto Yujo ya kafa, shi da ya rayu daga 1440 zuwa 1512 yana yi wa masu mulki na gidan Ashikaga aiki, shi ya tsayar da salon shakudo mai nanako da zinariya, kuma zuriyarsa ta riƙe aikin fada har tsara goma sha bakwai. A zamanin Edo, daga 1603 zuwa 1868, yaƙi ya yi ƙaranci, takobi ya zama alamar matsayi, ana kuma ƙayyade irin kayan da za a sa a shiga fada da su: baƙin kube, tsuba na shakudo. A wajen fada kuwa waɗannan 'yan ƙarafa su ne inda mutum yake nuna ɗanɗanonsa. Yokoya Somin, wanda ya rasu a 1733, ya bar aikin gwamnati ya koma yi wa mutanen gari, ya shahara da sassaƙar da layinta ke kauri yana sirancewa kamar bugun burushin zane. A Higo kuma, ƙarƙashin gidan Hosokawa da ya koma can a 1632, maƙera irin su Hayashi Matashici da Hirata Hikozo sun bi ɗanɗanon masu bikin shan shayi na gargajiya, domin dattijon gidan, Hosokawa Sansai, almajirin Sen no Rikyu ne, babban malamin wannan biki. Su abin da suke so shi ne baƙin ƙarfe mai nutsuwa da fili da yawa wanda ba a taɓa ba. Ra'ayi biyu ne masu nisa da juna, amma dukkansu sun ɗauki launin ƙarfe da fatarsa a matsayin rabin aikin.

Yanzu mu koma kan ƙusar gorar nan. Tunda komai yana kwancewa, tsuba ɗaya yana iya yawo a kan takubba da dama cikin ɗaruruwan shekaru. Idan ka duba tsofaffi za ka ga an cusa gutsattsarin jan ƙarfe a sama da ƙasan hudar tsakiya, ko an bubbuga bakinta da kurfi, duk don ta dace da wani sabon ruwa. Maƙerin ya san abinsa zai je hannun da bai sani ba, don haka akwai ƙa'idojin da ba ya ƙetarewa komai gwanintarsa. Filin da ke kewaye da huda a shafe yake domin seppa ta zauna daram. Sassaƙa ba ta yin tsinin da zai kama tufa. Ana sa takobin a ɗamara kaifi yana sama, fuskar tsuba da ke kallon ƙota ita mai tahowa yake gani, ita ake fi yi wa aiki. Sunan maƙerin kuwa a filin nan na tsakiya ake sassaƙa shi, wurin da seppa za ta rufe da zarar an haɗa takobi.

Menuki da ka ce hannu zai rufe, ai don hannun aka yi su. Suna cike tafin hannu su ƙara riƙo, kuma mai takobin ya san abin da ke ƙarƙashin zaren ko da wani bai gani ba. Shi shakudo ma yana jituwa da hannu, domin inda ya goge saboda riƙo yakan sake yin duhu a hankali da kansa. Wannan ya sa a wajensu goge tsohon tsuba ya yi ƙyalli ɓarna ce da ke zubar da darajarsa. A kasuwarmu ƙyalli ne yake sayar da kaya, kuma ya kamata ka san haka tun kafin ka zuba zinariya a cikin abin da zai fito baƙi. Mai saye sai an yi masa bayani, an kuma gargaɗe shi kada ya kai a wanke masa da ruwan tsami.

Da aka hana yawo da takobi a 1876, sana'ar ta rasa kasuwarta dare ɗaya. Maƙeran suka juya ga tuluna, lofe, maɓallan jakar taba da kayan da ake fitarwa Turai. Kano Natsuo, wanda sunansa ya yi kama da na birnin Dabo ba tare da wata alaƙa ba, yana cikin manyansu, ya yi aikin zanen kuɗin sabuwar gwamnati, ya kuma koyar a makarantar zane ta Tokyo kafin rasuwarsa a 1898. Har yau akwai masu yi, kuma hanyar koyonsu ita ce kwaikwayon aikin wani tsohon gwani daidai wa daida, har hannu ya gane dalilin kowane bugu.

Abin da rubutu ba zai ba ka ba shi ne idon da ke gane lokacin ciro kaya daga tukunya, da hannun da ke jera nanako, wanda shekaru ne suke kawo shi. Ma'aunan da na ba ka ma na farawa ne, jan ƙarfenka da ruwanka za su sa ka gyara su. Takobinmu kuma miƙaƙƙe ne mai kaifi biyu da sandar tsare hannu a gicciye, faifan tsuba ba zai zauna masa ba, don haka dabarar ƙarfen za ka ɗauka ka sa a bakin kube da zoben ƙota da zanenmu na gida.

Ka yanka 'yan faranti uku masu faɗin santimita 2, ɗaya tsantsar jan ƙarfe, ɗaya shibu'ici, ɗaya shakudo daga giram 20 ɗin nan. Ka dasa ɗan guntun wayar azurfa a kowanne, ka goge su tare, ka dafa su a tukunya ɗaya, kana rubuta launin kowanne a minti 10, da 30, da 60. Idan jan ƙarfen ya canja amma shakudo ya tsaya a ruwan ƙasa, matsalar tana narki ko guga. Idan dukkansu sun ƙi motsi, ruwan ne, ka ƙara kofa salfet giram ɗaya ka sake gwadawa.